Tekken, Street Fighter ko Mortal Kombat: tarihin gardamar da ta ƙi ƙarewa a ɗakunan wasa



Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin wasa na unguwa, inda ake jera tele biyu ko uku kowace da PlayStation a ƙarƙashinta, ya san akwai gardama iri biyu da ba ta ƙarewa a wurin. Ta farko ta masu ƙwallo ce, wannan mun bar su da ita. Ta biyu ta masu wasan faɗa ce. Mai Tekken zai dubi mai Mortal Kombat ya ce masa naku ai jini ne kawai da cire kai, ba basira a ciki. Mai Mortal Kombat ya mayar masa, ya ce Tekken danne-danne ne, ko ƙanensa ɗan shekara shida in ya ɗauki Eddy ya rufe ido yana latsa ƙafa sai ya kayar da babba. Mai Street Fighter, in akwai shi a wurin, sai ya ce duk ku yara ne, namu shi ne uban gidan. A nan ake tashi, gobe a dawo a ɗora daga inda aka tsaya.

Mu ma mun yi wannan gardama har murya ta dishe. Amma da muka zauna muka duba, sai muka ga kowa na cewa “gwaninta” alhali ba abu ɗaya muke nufi ba. Kuma zancen ya wuce raha: yaranmu na zuba dala ashirin-ashirin da awoyi masu yawa a waɗannan wasanni, iyaye na tambaya ko akwai wani abu a ciki ban da ɓata lokaci, ga shi kuma a wasu ƙasashe ana ba wanda ya ci gasa kuɗin da ya kai dalar Amurka miliyan ɗaya. To bari mu koma baya mu ga inda abin ya samo asali, wataƙila tarihi ya raba mana gardamar.

Kafin a haifi PlayStation

Wasan faɗa ya girmi na'urar gida da muka sani. A Japan da Amurka ya tashi ne a cikin manyan akwatuna masu tsayin mutum, da allo a sama da sandar juyi da maɓallai a gaba, kana jefa kwabo kana wasa a tsaye. A 1976 kamfanin Sega ya fitar da wasan dambe mai suna Heavyweight Champ, baƙi da fari. A 1984 aka samu Karate Champ, inda mutum biyu ke fuskantar juna, alƙali na ba da maki. A 1987 kamfanin Capcom na birnin Osaka ya fito da Street Fighter na farko, aikin Takashi Nishiyama da Hiroshi Matsumoto. A nan aka fara ganin Ryu da Ken, a nan kuma aka fara ɓoye duka na musamman wanda sai ka murza sanda ta wata hanya kafin ya fito. Sai dai wasan yana da tauri, dukan nan sai ya ga dama yake fita, don haka bai yi wani tashe ba.

Shekarar da komai ya canja ita ce 1991, da fitowar Street Fighter II. Mayaƙa takwas aka ba mutane su zaɓa: Ryu da E. Honda daga Japan, Ken da Guile daga Amurka, Chun-Li daga Sin, Dhalsim daga Indiya, Blanka daga Barazil, Zangief daga Tarayyar Sobiyet. Maɓallai shida, uku na naushi uku na shuri, ƙarami da matsakaici da babba. Abin da ya sa wasan ya kama shi ne kowane mayaƙi da dabararsa. Dhalsim hannunsa na miƙewa ya dake ka daga nesa amma in ka matso shi ya shiga uku. Zangief ba shi da abin jifa, duk rayuwarsa neman ya kusance ka ya kama ka ne. Ryu na jefo ƙwallon wutar nan, Hadoken, in ka yi tsalle don ka tsallake sai ya tarbe ka a sama da Shoryuken. Wannan tarko shi kaɗai ya koya wa mutane cewa filin da ke tsakaninka da abokin karawa shi ma makami ne.

Ga wani abin mamaki: kombo, wato jera duka bayan duka ba tare da wanda ake duka ya samu damar tarewa ba, ba da niyya aka gina wasan a kansa ba. Masu haɗa wasan sun so su sauƙaƙa fitar da duka na musamman, sai suka sassauta yadda na'ura ke karɓar latsawa. Sakamakon haka, in ka yi naushi ka bi shi da murzar Hadoken da sauri, sai naushin ya katse kafin ya ƙare, wutar ta fito nan take. Sun lura da haka tun suna aiki, suka bar shi da tunanin cewa yana da wuya, ba kowa zai iya ba. Ashe ƴan wasa sun fi su naci. Yau yawancin wasannin faɗa a kan kombo aka gina su. A riƙe wannan, domin zai dawo: sau da yawa zurfin wasa ba masu yin sa ke gano shi ba, masu buga shi ne.

Da aka kawo Street Fighter II na'urar gida ta Super Nintendo a 1992, an sayar da fiye da kwafi miliyan shida. Daga nan kowane kamfani ya ce shi ma sai ya yi nasa. Nishiyama ya riga ya koma kamfanin SNK, inda ya yi Fatal Fury a 1991, daga baya kamfanin ya fitar da The King of Fighters a 1994, mai ƙungiyar mutum uku-uku.

Shikago ta shigo da jini

A 1992, a birnin Shikago, wasu mutum huɗu a kamfanin Midway, a gabansu Ed Boon da John Tobias, suka fitar da Mortal Kombat. Ba zane suka yi ba, mutane na gaske suka ɗauka hoto suna faɗa suka saka a wasan. Mayaƙa bakwai ne a farko, cikinsu Scorpion, Sub-Zero, Liu Kang da Raiden. Abin da ya sa duniya ta san shi kowa ya sani: jini, da kisan ƙarshe da ake kira Fatality. Abin ya kai ga Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama a kai a watan Disamba na 1993, ƙarƙashin sanatoci Joe Lieberman da Herb Kohl, kuma a 1994 aka kafa hukumar ESRB mai rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa. Iyaye da masu ɗakin wasa, wannan harafin M da kuke gani a kwalin Mortal Kombat na nufin ɗan shekara 17 zuwa sama. Ƙasar da ta ƙera shi ma ba ta ce na ƙananan yara ba ne.

To ta ɓangaren gwaninta fa? Gaskiya ɗaya ce, Fatality ba ya ƙara maka komai, sai an riga an ci wasa ake yin sa, haddar maɓallai ce kawai. Kuma a na farkon, naushi da shurin mayaƙan kusan iri ɗaya ne, duka na musamman ne ya bambanta su. Shi ya sa tsofaffin ƴan Street Fighter suka daɗe suna raina shi. Amma yana da nasa tsarin: a Street Fighter baya kake ja ka tare, a Mortal Kombat maɓalli ne na musamman, wanda ya canja yadda ake karewa gaba ɗaya. Kuma daga na 2011, wanda aka sake ginawa tun daga tushe, wasan ya zauna daram a manyan gasanni. Ba'amurken nan SonicFox ya ci gasar duniya a kansa sau da dama, kuma ba da Fatality ya ci ba.

Maɓalli uku, maɓalli huɗu

A 1993 Yu Suzuki na Sega ya kawo Virtua Fighter, wasan faɗa na farko da ya yi suna da mutane masu kauri da zurfi, ba zanen da ke kwance a allo ba. Maɓallai uku kacal: naushi, shuri, tarewa. Ba ƙwallon wuta, kuma in aka tura ka wajen fili ka faɗi. Wanda ya ji maɓalli uku zai ce ai wannan sauƙi ne. Ina! Har yau masana da yawa na ɗaukarsa cikin mafi zurfi, saboda ya tsaya a kan ƙafa uku: duka na cin mai son kamawa, kamawa na cin mai tarewa, tarewa na cin mai duka. Duk lokacin da aka haɗu ƙirji da ƙirji sai ka zaɓi ɗaya, shi ma ya zaɓi ɗaya, ba wanda ke ganin zaɓin ɗan'uwansa sai an aikata.

Shekara ɗaya bayan haka, a 1994, Namco ta fitar da Tekken, kuma Seiichi Ishii da ya jagorance shi daga aikin Virtua Fighter ya fito. A 1995 ya shiga PlayStation. Tsarinsa mai sauƙin ganewa ne: maɓalli huɗu, kowane da gaɓarsa, hannun dama, hannun hagu, ƙafar dama, ƙafar hagu. Tekken 3, wanda ya fito a 1997 ya shiga PlayStation a 1998, shi ne ya zagaya duniya, shi ya kawo Jin, Hwoarang da Eddy Gordo mai rawar faɗan Barazil, kuma a nan kaucewa gefe ta zama babban makami.

Wahalar Tekken ta yawa ce. Mayaƙi ɗaya na iya samun duka fiye da ɗari, kuma mayaƙan sun haura talatin. Kowane duka ko na sama ne, ko na tsakiya, ko na ƙasa. In ka tare a tsaye ka tsira daga na sama da na tsakiya, na ƙasa ya same ka. In ka duƙa, na sama ya wuce ta kanka, ka tare na ƙasa, na tsakiya ya ɗaga ka sama a yi ta dukanka kafin ka sauko. Wannan ne asirin Eddy da ake ta kuka da shi. Yaro na latsa ƙafa, Eddy na cakuɗa sama da ƙasa, kai kuma ba ka san wanne ke zuwa ba. Ranar da ka gane jerin, ka san inda za ka duƙa da inda za ka rama, ranar danne-danne ya daina aiki a kanka. Ke nan ba Eddy ne ya kayar da kai ba, rashin sani ne.

Lissafin da ido ba ya gani

Yanzu mu shiga cikin injin. Waɗannan wasanni na tafiya ne a kan hoto 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, kowane hoto ana ce masa firam. Kowane duka yana da adadin firam da yake ɗauka kafin ya isa, da adadin da mai shi ke ɗauka kafin ya dawo daidai. A Tekken, naushi mafi sauri na yawancin mayaƙa firam 10 ne. A Street Fighter 6, firam 4. Shi kuwa ɗan Adam, tsakanin ido ya gani da yatsa ya motsa, yana cin kusan kwatan daƙiƙa, wato wajen firam 15. Kun ga lissafin? Yawancin dukan da ake yi maka sun riga ganinka sauri. Wanda kuke gani yana tarewa kamar mai duba, ba ido ne ya fi ku ba. Ya san abin da zai iya zuwa a wannan wuri, kuma ya karanci halin wanda ke gabansa.

Daga nan za mu iya raba gwaninta gida uku.

Ta farko ta yatsa ce: ka iya fitar da abin da ka yi niyya, a lokacin da ka yi niyya, ko da gabanka na faɗuwa. A Street Fighter IV akwai kombo da sai ka latsa a cikin firam ɗaya tak, kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa. Naushin lantarki na gidan Mishima a Tekken haka yake, sai sanda da maɓalli sun haɗu a firam guda. Akira na Virtua Fighter yana da bugun gwiwa da sai ka saki maɓallin tarewa bayan firam ɗaya.

Ta biyu ta sani ce: wane duka ne in an tare shi mai shi ke zama a buɗe, da me za ka rama, me wannan mayaƙi ke tsoro daga wancan. In Ken ya yi Shoryuken ka tare, zai sauko ba kariya, in ba ka hukunta shi ba laifinka ne. A nan Tekken ya fi kowa nauyin karatu.

Ta uku ta karatun zuciya ce, wadda Japanawa ke kira yomi. Sau biyu ya kama ka bayan ka tashi daga ƙasa, a na uku zai sake ko zai yi tsammanin ka gane? In ya yi tsammanin ka gane, me zai yi? Ƴan kokowa sun san wannan sarai. Dokar kokowa ai minti ɗaya ya isa a bayyana wa baƙo ita, amma tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, wa ya taɓa cewa ya ƙure ta? Kuna ganin ƴan kokowa biyu na zagaya juna suna taɓa hannu suna janyewa, mai kallo na cewa ba a fara ba, alhali rabin faɗan a nan ake yin sa. Haka dara: ramuka da tsinke, amma tsoho ya shekara arba'in yana bugawa bai gama koyo ba.

A nan ne muka ga inda gardamar ɗakin wasa ke kuskure. Wahala daban, zurfi daban. Wahala ita ce tsawon hanyar da za ka bi kafin yatsunka su yi maka biyayya. Zurfi shi ne yawan shawarar da ta rage tsakanin mutum biyu bayan duka sun iya komai. A 2013 an fitar da wani ɗan wasa mai suna Divekick, maɓalli biyu ne kawai, tsalle da shuri, bugu ɗaya ya ƙare zagaye, kuma duk da haka gwani na cin ɗan koyo akai-akai. Super Smash Bros. Melee na Nintendo, na 2001, an yi shi ne don nishaɗin gida, amma ƴan wasa suka tono dabarun motsi a cikinsa har ya zama ɗaya daga cikin masu wuyar yatsa, ana gasarsa fiye da shekara ashirin.

Ranar da aka ga ukun a wuri ɗaya

Babbar gasar wasannin faɗa ta duniya, Evo, ta fara ne a 1996 a Kalifoniya da sunan Battle by the Bay, ta ɗauki sunanta na yanzu a 2002. A gasar 2004, a wata jami'a da ke Pomona, Daigo Umehara na Japan ya haɗu da Justin Wong na Amurka a Street Fighter III: 3rd Strike. Wannan wasa yana da wata dabara: maimakon ka ja baya ka tare, sai ka tura sanda gaba daidai lokacin da duka ke isowa, ka kaɗe shi ba tare da ya rage maka komai ba. In ka kuskure lokaci, ka buɗe ƙirjinka ke nan.

A zagayen ƙarshe, layin ran Daigo, wanda muke kira jini, ya rage ɗan siriri. Ko tarewa ya yi ya mutu, domin duka na musamman na ɗan rage jini ko an tare shi. Justin ya saki babban makamin Chun-Li, ruwan shuri 15 a jere. Daigo da Ken ɗinsa ya kaɗe su ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ma tsalle ya yi ya kaɗe shi a sama, ya sauko da kombo ya gama da Justin. Ɗakin ya kaure da ihu. Bidiyon, wanda aka sani da Evo Moment 37, miliyoyin mutane sun kalle shi, kuma har yau yana nan a YouTube.

Ku duba abin da ya haɗu a cikin daƙiƙun nan. Yatsa: sau 15 ba kuskure. Sani: ya haddace kiɗan shurin tun a gida. Karatun zuciya: makamin ya fi ido sauri, dole ya riga ya sa rai cewa yanzu Justin zai sake shi. Abin da mutane ke mantawa shi ne Daigo bai ci gasar ba, a wasan ƙarshe wani ɗan Japan mai laƙabin KO ya doke shi. Amma sunan wa aka riƙe?

Darasin Lahor

Labarin da ya fi shafarmu daga Pakistan ya fito. Shekara da shekaru duniya ta yarda cewa Tekken na Koriya ta Kudu ne da Japan, har wata dabarar ja da baya da sauri da sunan Koriya ake kiran ta. Sai ga wani saurayi daga birnin Lahor, Arslan Siddique, wanda aka sani da Arslan Ash. A 2018 ya doke Knee, babban gwanin Koriya, a Dubai, mutane suka ce sa'a ce. A watan Fabrairu na 2019 ya tafi gasar Evo ta Japan a Fukuwoka bayan wahalar biza da canjin jirgi kan jirgi, ya isa da ƙyar a kan lokaci, ya cinye gasar. A watan Agusta na shekarar ya je Las Begas ya sake doke Knee a wasan ƙarshe na Evo, ya sauka ya yi sujada a gaban dubban mutane. Da aka tambaye shi, bai ɓoye ba cewa a gida akwai da yawa masu ƙarfi irinsa. Ba a jima ba Knee da kansa ya ɗauki jaka ya tafi Pakistan don ya yi wasa da su. A 2023 ƙungiyar Pakistan ta doke ta Koriya ta Kudu a gasar ƙasashe a Riyad, Arslan kuma ya sake cin Evo a 2023 da 2024.

A ina suka koya? A ƙananan ɗakunan wasa na unguwa, masu zafi da cunkoso, inda wanda ya faɗi ke tashi ya ba wani wuri. Ba intanet mai ƙarfi, ba kamfanin da ya ɗauki nauyinsu da farko, fasfonsu ma ba ko'ina yake shiga da sauƙi ba. Abin da suke da shi shi ne junansu, kullum, fuska da fuska. Haka a Jamhuriyar Dominika, inda MenaRD, yana ɗan shekara 18, ya ci Capcom Cup na 2017 da kyautar dalar Amurka 250,000. A nahiyarmu ma ba a zaune ake ba: a Kenya akwai Sylvia Gathoni, QueenArrow, mai buga Tekken, a Abijan kuma ana yin bikin FEJA da ke tara ƴan wasa daga ƙasashen Afirka.

Gardamar ta sake sabon salo a 2023 da fitowar Street Fighter 6, wanda ya kawo tsarin Modern: maɓalli ɗaya ya fitar maka da Hadoken, amma ƙarfinsa ya ragu da kashi 20 cikin 100, ka kuma rasa wasu dukan. Tsofaffin hannu suka ce an kashe gwaninta. Sai ga shi mutum fiye da 7,000 sun shiga gasarsa a Evo ta shekarar, kuma waɗanda suka kai ƙarshe sanannun gwanaye ne, ba ƴan danne-danne ba. An rage kuɗin shiga ne ta ƙofar yatsa, sani da karatun zuciya suna nan yadda suke. A gasar ce ma wani makaho ɗan Holan, Sven van de Wege, ya ci wasa a kan dandamali da kunne kawai, yana bin sauti. Marigayi Mike Begum, BrolyLegs, wanda naƙasa ta hana shi riƙe manet da hannu yadda muke yi, da fuskarsa yake bugawa, kuma ya kayar da masu yatsu goma ba adadi.

To wa ya ci gardama?

Ga inda muka tsaya. In yawan abin haddacewa da motsi a fili kake nema, Tekken ya fi nauyi. In auna tazara da haƙuri ne, Street Fighter ne makaranta. In tsantsar karatun zuciya a kusa da kusa ne, Virtua Fighter. Mortal Kombat ya fi sauƙin shiga, amma na zamanin nan ba wasan yara ba ne ta kowace fuska. Ba ɗaya daga cikinsu da wani ɗan Adam ya ƙure. Wanda ya ce wasan wani ba basira, mafi yawan lokaci bai taɓa zama da gwanin wasan ba ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga ƙannenmu: kada labarin miliyan ya ruɗe ku. Uma ɗan Taiwan ya ci dalar Amurka miliyan ɗaya a Capcom Cup a farkon 2024, amma shi ɗaya ne cikin dubbai da suka koma gida hannu wofi. Wanda ya bar lakol ko sana'a saboda manet ya yi asara tun kafin a fara zagaye. Amma in dai za ku buga, ku buga da hankali. In an kayar da kai, ka tambayi wanda ya kayar da kai me ya gani a wasanka. Ka zaɓi mayaƙi ɗaya ka san shi ciki da waje. Masu ɗakin wasa kuma, me zai hana a ware yammacin wata rana a shirya ƴar gasa ta unguwa, ba caca, a rubuta sunaye a takarda, a tashi in an kira salla, a ajiye Mortal Kombat ga manya? Lahor ma da irin wannan ta fara.

Ku kuma masu karatu, ku faɗa mana a ƙasa: a unguwarku wane wasa ake bugawa, kuma wa ke riƙe da manet ba ya tashi?